Baba, anya Ruhun Allah yana cikina har yanzu?

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni mace ce mai shekara 34, an yi mini baftisma tun ina 'yar shekara 17, kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikkilisiyarmu. Bara aka yi mana wa'azi cewa jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, aka ce kowa ya binciki kansa. Tun daga ranar na samo littafi, kowane dare sai in rubuta laifofin da na yi a yinin: na daka wa yara tsawa, na yi ƙyashin wata, hankalina ya tafi wani wuri ina tsakiyar addu'a. Na cika littafi ɗaya, ga ni a na biyu. Maimakon in sami sauƙi, kullum ƙazantar da nake gani ƙaruwa take yi. Wata takwas ke nan rabona da Jibin Ubangiji, waƙa ma na daina, don ina ganin munafunci ne. Akwai wata 'yar'uwa a ƙungiyar da muka shekara biyu ba ma gaisawa saboda wata magana da na faɗa a kanta, amma wannan tsohon zance ne, ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce, anya Allah Mai Tsarki zai zauna a zuciya irin tawa? Ko ya riga ya fita ne ban sani ba?

'Yata, na gode da amanar da kika ba ni. Sau uku na karanta wasiƙarki, kowane karo kuma idona a wuri ɗaya yake tsayawa, wurin da ke kika tsallake da gudu. Zan zo kansa. Amma bari in fara cire miki ƙayar da ta hana ki barci.

Ayar da aka yi muku wa'azi a kanta, kin taɓa tambayar su wa aka rubuta wa? Bulus ya yi wata 18 a Korinti yana koyarwa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:11 ya faɗa. Bayan ya tafi sai labarai suka riƙa iske shi, ba kuma masu daɗi ba. Ikkilisiya ta rabu gida-gida, wannan na Bulus, wancan na Afolos. 'Yan'uwa suna maka juna a kotu. Wani yana zaune da matar ubansa, jama'a sun zuba ido. A wurin Jibin Ubangiji kuwa wani ya bugu, wani ya koma gida da yunwa. Waɗannan ne mutanen da ya gaisar da sunan tsarkaka a farkon wasiƙarsa, su ne kuma ya ce wa ashe ba ku sani ku haikalin Allah ne ba, Ruhunsa yana zaune a cikinku? Ki lura bai ce in kun gyara za ku zama haikali ba. Ya ce kun riga kun zama, shi ya sa abin da kuke yi ya zama abin kunya. Kalmar Helenancin da ya yi amfani da ita ma, naos, ba harabar haikali take nufi ba inda kowa yake kai da komo. Ainihin ɗakin nan na ciki take nufi.

A 1 Korintiyawa 6:19-20 ya ƙara da cewa ku ba na kanku ba ne, sayenku aka yi da tsada. Ke kuwa, 'yata, kin ɗauki Ubangiji kamar baƙon da in ya ga ƙura a lungu zai naɗe kayansa ya kama gabansa ba sallama. Wanda ya sayi gida ba haka yake ba. Kafin ya biya ya zagaya, ya ga tsagar bango, ya ga inda ruwa yake kwanciya, ya san ɗakin da ɓeraye suka yi sheƙa. Da idonsa a buɗe ya saya. Babu abin da za ki rubuta a littafi na biyu ko na goma da zai zo masa a matsayin sabon labari. Zakka mai karɓar haraji ma yana kan itace, bai share ko'ina ba, Yesu ya ce masa sauko, yau a gidanka zan sauka. Rabon rabin dukiya ga matalauta da mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu, duk bayan Yesu ya kira shi ne suka biyo.

Kada ki ce Baba ya ce zunubi ba komai ba ne. Ana ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, Afisawa 4:30 ta faɗa sarai. Amma ayar da ta yi wannan gargaɗi ita ce ta ce da shi aka hatimce ku har ranar fansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masana tauhidi sun daɗe suna ja-in-ja kan ko mutum zai iya juya wa bangaskiya baya gaba ɗaya, ba kuma ni zan raba musu gardama a nan ba. Sai dai matar da take kwana da hawaye don tsoron kada Allah ya bar ta, ba ita ce ake gardamar a kanta ba. Gawa ba ta jin tsinin allura. Ishaya 57:15 ya ce Maɗaukaki yana zaune a wuri mai tsayi mai tsarki, yana kuma zaune tare da mai karyayyen ruhu. Mazauni biyu ya ambata, na biyun kuwa ya yi kama da ke.

To, littafin nan naki. Niyyarki mai kyau ce, mai wa'azin ma gaskiya ya faɗa, don 2 Korintiyawa 13:5 ta ce mu gwada kanmu. Inda aka sami tangarɗa shi ne kin zama ke ce mai bincike, ke ce mai gabatar da ƙara, ke ce alƙali, kuma kotun ba ta taɓa tashi. Ki duba yadda Dawuda ya yi a Zabura 139:23-24. Cewa ya yi, ka bincike ni, ya Allah, ka san zuciyata, ka ga ko akwai muguwar hanya a cikina, ka bi da ni. Fitilar a hannun Allah ya sa ta. Dalili kuwa Irmiya 17:9 ta ba mu shi: zuciya mayaudariya ce. Mun saba ɗaukar ayar nan a kan cewa zuciya tana wanke mu alhali muna da laifi, haka ne kuwa. Amma takan yi yaudara ta ɗaya gefen ma. Takan tara miki ƙananan abubuwa ɗari ta jibge a gabanki, ki yi ta fama da su, don kada ki kai hannu kan babban guda ɗaya. Bulus kansa ya ce a 1 Korintiyawa 4:3-4 ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai shari'anta shi.

Ba ke kika fara faɗawa wannan rami ba. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, da ya shiga gidan sufaye a 1505, yakan zauna yana zayyana zunubansa gaban jagoransa Yohann fon Staupitz, har an ce akwai ranar da ya kai awa shida. Yana fita sai ya tuna wani, ya juyo. Tsohon nan ya gaji, ya riƙa karkatar da idonsa daga lissafin zuwa ga raunukan Almasihu. Luta mutum ne mai himma fiye da ni da ke, amma lissafin bai taɓa ba shi salama ba.

Akwai gwajin da nake ba mutane, daga 2 Korintiyawa 7:10 na samo shi, inda aka raba baƙin ciki gida biyu, wanda yake kai ga tuba da wanda yake kai ga mutuwa. In Ruhu ne yake tsawata miki, zai kama abu guda ya kira sunansa, ya ce maganar da kika faɗa wa wance ba daidai ba ce, ki je ki gyara. Da zafi, amma akwai ƙofa a jikinsa, kin san abin da za ki yi gobe da safe. Muryar da take cewa ke dai ƙazama ce, ba ki da amfani, kada ki kuskura ki matso, ba ta nuna miki ƙofa ko ɗaya, wannan muryar mai ƙarar 'yan'uwa ce, wato Shaiɗan. Bitrus da Yahuza dukansu sun yi nadama a kan abin da suka yi wa Ubangiji ɗaya. Ɗaya ya koma cikin 'yan'uwa, ɗaya ya ware shi kaɗai. Ki tambayi kanki, a wata takwas ɗin nan, ina littafin ya kai ki? Ya raba ki da Teburin Ubangiji, ya raba ki da waƙa.

Da yake maganar haikali muke yi, ki buɗe 2 Tarihi sura 29, labari ne da nake ƙauna ƙwarai. Sarki Ahaz ya rufe ƙofofin Haikali, fitilu suka mutu, aka daina ƙona turare. Ɗansa Hezekiya ya hau mulki yana da shekara 25, a watan farko ya sa aka buɗe ƙofofin. Firistoci suka shiga can ciki suna fito da ƙazanta zuwa farfajiya, Lawiyawa suna kwasa suna kaiwa rafin Kidron. Ba su jera ta a farfajiya suna ƙirgawa kowane dare ba, fitar da ita suka yi daga gidan. Kwana takwas suka kai shirayi, suka ƙara takwas, rana ta 16 suka je gaban sarki suka ce mun gama. Sharar tana da ranar farawa, tana da ranar gamawa. Ki kuma karanta aya ta 27 a hankali, ke da kike mawaƙiya: da aka fara miƙa hadaya, nan take waƙar Ubangiji ta tashi tare da kakaki. Haikalin da aka share aka bar shi shiru, ai bai koma bakin aikinsa ba tukuna.

Yanzu sai wurin da idona ya tsaya. Kin ce akwai 'yar'uwar da kuka shekara biyu ba kwa gaisawa saboda maganar da kika faɗa a kanta, kika ce tsohon zance ne. 'Yata, ki yi haƙuri da ni, amma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Littafi ɗaya da rabi kin cika da tsawar yara da gantalin hankali a cikin addu'a. Sunan matar nan ya shiga ciki kuwa? In ya shiga, me ya biyo baya?

Harshenmu ya yi mana gata a nan, don yana bambanta ke da ku. A 1 Korintiyawa 3:16, ku aka ce. Haikalin da ake magana a wannan sura jama'ar ce gaba ɗaya, abin da kuma yake rushe shi an ambata a aya ta 3: kishi da jayayya. Afisawa 2:22 ta ce tare ake gina ku ku zama mazaunin Allah. Ayar ɓata wa Ruhu rai ma ki dubi maƙwabtanta: ƙarya, fushin da rana ta faɗi a kansa, ruɓaɓɓiyar magana, ɗacin rai, yanke, sa'an nan umarnin a yafe wa juna. Duka abubuwan da suke faruwa tsakanin mutum da mutum ne. Ruhun da kike tsoron ya fita daga cikinki, shi ne yake zaune a cikin matar nan da kike kauce wa idonta. Ba zai yiwu ki goge naki dutsen har ya yi ƙyalli ba, alhali tsakaninki da dutsen da ke gefenki bango ya tsage.

Ina faɗa miki wannan ne don na sha ruwan. Ina matashi, a wani taron shugabanni, na faɗi wani abu a kan wani abokin hidimata. Abin da na faɗa gaskiya ne, da wannan na riƙa kare kaina, amma na san dalilin da ya sa na zaɓi ranar da mutanen da na faɗa a gabansu. Aka sauke shi daga aikin da yake riƙe da shi. Shekara uku na yi ina azumi, ina tuba kan abubuwa iri-iri, har kan yawan barci, ban da wannan. Ran da na je ƙofarsa, sai da na kai hannu sau biyu ina janyewa kafin na ƙwanƙwasa. Ya fito da tabarau a hannu, yatsarsa a tsakiyar littafin da yake karantawa. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, abin da na yi maka a taron nan mugunta ce, ka yafe mini. Ya daɗe yana kallona, ya ce, na ji. Shi ke nan. Bai rungume ni ba, bai ce in shigo ba. Sai bayan watanni ya fara amsa gaisuwata da sakin fuska, ba mu kuma koma yadda muke a da ba. Amma a daren nan na yi addu'a kamar wanda aka sauke wa dutse daga ƙirji.

Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Rabin farko kin yi, kin ajiye baikon. Saura ki je, saura kuma ki dawo. Ki same ta ita kaɗai, ido da ido, ba ta saƙon waya ba. Ki faɗi abin da kika yi da sunansa. Kada ki ce in na ɓata miki rai, don kin san kin ɓata, kada kuma ki haɗa da amma ke ma. In a gaban mutane kika yi maganar, ki koma wurinsu ki gyara, ko da biyu ne ko uku. Wannan ya fi zuwa wurinta wuya, ni ma na sani.

Jibin Ubangiji kuma, ayar da take tsorata ki, 1 Korintiyawa 11:28, ki karanta ta har ƙarshe. Cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Ci ne ƙarshen binciken. Rashin cancantar da Bulus ya tsawata a kai ma yadda suke ci ne, masu hali suna rigan marasa hali, suna kunyata su, ba su gane jiki ɗaya ne su ba. Da Teburin na waɗanda suka gama tsarkaka ne, da tun daren farko ba a sami mai ci ba, don waɗanda suka zauna a kansa kafin gari ya waye duk sun watse sun bar shi. In ikkilisiyarku tana da tsarin furta zunubi gaban firist kafin a matso, ki bi tsarin. In babu, ki sami fastonki ko wata dattijuwa mai riƙe sirri ki buɗe mata cikinki, Yaƙub 5:16 ta ba ki wannan dama.

Ban ce ki daina binciken kai ba. Ki rage masa tsawo, ki canja masa mafari. Ignatiyus na Loyola, a ƙarni na 16, ya koya wa mabiyansa binciken lamiri na kullum, matakin farko kuwa godiya ce, sai roƙon haske, kafin a waiwayi yinin. Ni a ganina hikima ce babba, don wanda ya fara da ƙirga alherin da aka yi masa ba ya kallon laifinsa kamar maraya. Minti goma sun ishe ki. Ki gode, ki yi addu'ar Zabura 139, ki yi shiru. Abin da ya fito fili, ɗaya ne ko biyu, ki furta, ki karɓi alkawarin 1 Yohanna 1:9, ki yanke abin da za ki yi a kai gobe. In tsawar yara ce, da safe ki kira su ki ce jiya Mama ta yi zafi, ku yi haƙuri. Abin da kika riga kika furta kada ki sake tono shi. In ba abin da ya fito, kada ki yi ta haƙa sai kin samo, ki ja bargo ki kwanta. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, yana da wata addu'a da za ki iya ara: ya ce wa Allah gidan ransa ƙunci gare shi, ya faɗaɗa shi, kango ne, ya gyara shi. Mai gidan ya roƙa ya yi aikin.

Ki kuma tuna misalin Matiyu 12:43-45, gidan da aka share aka ƙawata aka bar shi ba kowa. Wata takwas kina fitar da kaya, ba ki shigar da komai ba. Ki koma karatun Bishara don ki ga Yesu, ba don neman sandar dukan kanki ba. Ki koma gwajin waƙa.

Abu ɗaya zan ƙara a matsayin uba. In kin yi duk wannan amma tunanin laifi ya ci gaba da yi miki naci, kina maimaita addu'a ɗaya sau goma don kina ganin ba ta karɓu ba, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ki ga likita. Akwai lalurar damuwa da take sanya rigar ibada, ana kuma samun taimako a kanta. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Littattafan biyu ki ajiye su, ki daina ƙarawa. Ki je wurin matar nan kafin Lahadi mai zuwa. Tana iya karɓarki hannu bibbiyu, tana iya ce miki na ji kamar yadda aka ce mini, tana ma iya rufe ƙofa. Romawa 12:18 ta ce iyakar abin da yake daga wajenku, ku zauna lafiya da kowa, don haka amsarta ba a wuyanki take ba. Ko wacce ta ba ki, ran da aka shimfiɗa Teburin ki tashi ki bi layi. Ki rubuto mini yadda kuka yi da ita, ina jira.